Tsaro ko Gudu? Yadda Ake Zaɓen 'Yan Wasa a Gem ɗin Kocin Ƙwallon Kwando

A garin Mashi, kan hanyar Katsina zuwa Daura, duk wanda ya zauna a shagon cajin waya ko ƙofar gidan kallon ƙwallo bayan Isha'i ba zai rasa jin wannan muhawara ba. Wani zai ce shi dai a ba shi ɗan wasa mai gudu, ko da bai iya komai ba. Wani ya ce a'a, wanda ya gyara bayansa shi ke ɗaukar kofi. Galibi a kan gem ɗin manajan ƙwallon ƙafa ake wannan gardama, amma inda amsarta ta fi fitowa fili shi ne gem ɗin kocin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, domin a can ana iya lissafa kowane hari ɗaya bayan ɗaya. Wannan darasi zai bi ta can, sannan ya dawo da abin da aka koya zuwa gem ɗin da ke cikin wayoyin matasa.

Maganar ba ta wasa ba ce kawai. Akwai data da ake ƙonawa, akwai makonni da ake ɓatawa ana gina ƙungiya, akwai kuma masu cire kuɗi daga aljihu su sayi ɗan wasa saboda sun ga lambar gudunsa ta kai 90, ƙarshe a yi ta lallasa su ba su san dalili ba.

Wane irin gem ne wannan?

Gem iri biyu ne a fagen wasanni. Akwai wanda mutum ke riƙe ɗan wasa da yatsunsa, ya yi yanka ya buga da kansa, kamar eFootball da Dream League Soccer. Akwai kuma wanda mutum ke zama koci: ya ɗauki 'yan wasa, ya tsara atisaye, ya zaɓi salon wasa, sannan kwamfuta ta buga wasan da lissafi ta kawo sakamako. Top Eleven da Online Soccer Manager da Football Manager duk suna cikin kashi na biyu. Irin wannan gem bai cika cin batir da data ba kamar mai hotuna masu motsi, shi ya sa ya dace da inda wuta da sabis ba su da tabbas.

A ɓangaren ƙwallon kwando na jami'o'i, ɗaya daga cikin sanannu shi ne Hoops Dynasty na shafin WhatIfSports. A burauza ake yin sa, ana biyan kuɗinsa da dala, kuma mutum yana karawa da wasu mutane ne a matsayin kocin wata jami'a. Akwai kuma Basketball GM, wanda wani mai rubuta manhaja, Jeremy Scheff, ya ƙirƙira. Shi kyauta ne, yana buɗewa a burauzar waya, sai dai na ƙwararru ne ba na jami'a ba. Amfaninsa a wannan darasi shi ne rubutun manhajarsa yana nan a GitHub, kowa na iya karantawa ya ga yadda ake dafa sakamakon.

Bambancin gem ɗin jami'a da na ƙwararru yana wajen ɗaukar 'yan wasa. A jami'a ba a sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya a tsakiyar kaka. Zawarcin yaran da suka gama sakandare ake yi, da kasafi ƙayyadadde da gurabe ƙayyadaddu. Yaron da aka ɗauka zai iya shekara huɗu a ƙungiyar. Idan an yi zaɓen tumun dare, an ɗaura wa kai kaya na kaka huɗu ke nan.

Yadda injin gem ke buga wasa

Ba ƙafa ko hannu a cikin injin gem, lambobi ne kawai. Wasan jami'a na maza minti 40 ne, kashi biyu na minti 20, kuma kowace ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa idan ƙwallo ta zo hannunta. Daga lokacin da ƙungiya ta karɓi ƙwallo zuwa lokacin da ta koma hannun abokan karawa, shi ake kira hari ɗaya a wannan darasi.

A kowane hari injin yana yi wa kansa tambayoyi a jere. Shin za a ƙwace ƙwallon kafin jifa? Idan ba a ƙwace ba, wa zai yi jifan, kuma daga ina? Za a kaɗe ta a sama? Za a yi keta? Ta faɗa kwando ko ta bugi ƙarfe ta dawo? Idan ta dawo, wa zai cafke? Kowace tambaya tana da kasonta, misali 45 cikin 100. Injin yana samo kason ne ta hanyar auna lambobin mai kai hari da na mai tsaronsa, sannan ya jefa ƙuri'a. Idan lambar da ta fito tana cikin kason, abin ya faru. Haka zai yi ta maimaitawa har lokaci ya cika.

Abu biyu ke nan koci yake iya taɓawa. Na farko, yawan hare-haren da za a kai a wasa. Na biyu, abin da kowane hari ke haifarwa, nasa da na abokin karawa. Kuma a ƙwallon kwando ƙungiyoyin biyu kusan adadin hari ɗaya suke samu, tunda karɓa-karɓa ake yi. Wanda ya hanzarta wasa ya ƙara wa kansa hari, ya kuma ƙara wa abokin karawarsa.

Gudu yana cikin tsaro

Kuskuren farko shi ne ɗaukar gudu da tsaro a matsayin kishiyoyi. A rubutun Basketball GM, ƙarfin tsaron ɗan wasa haɗi ne na abubuwa da dama: tsawo, ƙarfi, gudu, tsalle da basirar tsaro. Wajen tsaron nesa da kwando gudu ne ke da nauyi mafi yawa, wajen tsaron ƙarƙashin kwando kuma tsawo da basira ne kan gaba. Wato lamba ɗaya darajarta tana canzawa gwargwadon inda aka ajiye mai ita.

Ga misali da lambobin da aka sauƙaƙa domin darasi, ba ainihin na wani gem ba. Yara biyu ne a gaban koci, gurbi ɗaya ya rage:

Na farko: gudu 85, basirar tsaro 40, tsawo 50.
Na biyu: gudu 55, basirar tsaro 80, tsawo 50.

A ce tsaron waje ana ninka gudu sau 2, basira sau 1, tsawo sau 1, a raba da 4. Na farko zai samu 65, na biyu 60. A ce tsaron ciki kuma gudu sau 1, basira sau 2, tsawo sau 2, a raba da 5. Na farko zai samu 53, na biyu 63. Yaran ba su canza ba, amma wanda ya fi a waje shi ne ya gaza a ciki. Don haka tambayar farko ita ce: wane gurbi ake son cikewa?

Gwajin da kowa zai iya yi

Yanzu a auna abubuwan nan biyu da koci ke iya taɓawa. A ɗauki wasa mafi sauƙi: kowane hari ko dai maki 2 ko babu komai. Ƙungiyar A tana cin kwando a hari 55 cikin 100, ƙungiyar B a hari 50 cikin 100. Idan aka tashi canjaras, a raba nasarar biyu.

Idan kowacce ta kai hari 60, ratar da ake sa ran A za ta bayar maki 6 ce, kuma lissafi ya nuna za ta ci wasa kusan 71 cikin 100.

Idan A ta kawo masu gudu, wasan ya yi sauri ya koma hari 80, ba tare da kason cin kwando ya canza ba, ratar za ta zama maki 8, nasara kuma kusan 74 cikin 100.

Idan kuwa A ta bar wasan a hari 60, ta kawo masu tsaro da suka rage wa B kaso daga 50 zuwa 47, ratar za ta kusa maki 10, nasara kuma kusan 81 cikin 100.

A duba da kyau. Ƙarin hari 20 cur ya kawo ƙarin nasara 3 kacal. Rage wa abokin karawa kwando 3 a cikin hari 100 ya kawo ƙarin nasara 10. Nan ne zuciyar darasin: gudun da aikinsa kawai ya hanzarta wasa ribarsa kaɗan ce. Gudu yana biyan kuɗinsa ne idan ya taɓa kason da kansa, wato ya jawo ƙwace, ya samar da kwando mai sauƙi kafin abokan karawa su koma gida, ko ya hana mai ƙwallo wucewa.

Akwai wani abu kuma. Yawan hari yana taimakon wanda ya fi ƙarfi ne. Idan A ce mai rauni, hanzarta wasa ƙara wa kanta duka ne. Ƙaramar ƙungiya ta fi samun sa'a a wasa mai ƙarancin hari, kamar yadda mai jefa kwabo sau 10 zai iya ganin abin mamaki, amma mai jefawa sau 1,000 gaskiyar lissafi ce za ta bayyana masa.

Mai sha'awar koyon rubuta manhaja zai iya tabbatar da wannan a wayarsa da harshen Python, ta manhajar Pydroid 3 ko Termux. Matakan ba su da yawa: a sa kwamfuta ta fitar da lamba tsakanin 1 da 100, idan ba ta wuce 55 ba a ba A maki 2, a sake fitarwa, idan ba ta wuce 50 ba a ba B maki 2, a maimaita sau 60, a ga wa ya ci, sannan a maimaita wasan gaba ɗaya sau 10,000 a ƙirga. Layi goma sha biyar sun isa. Wanda ya rubuta wannan ya riga ya gina ƙaramin injin gem.

Abin da ya faru a filin gaske

Masu gina irin wannan gem daga wasan gaske suke kwaikwayo, kuma tarihin gasar NCAA ya ga kowane salo.

A kakar 1989 zuwa 1990, jami'ar Loyola Marymount ƙarƙashin koci Paul Westhead ta yi wasa mafi sauri da aka sani, tana cin maki 122.4 a matsakaici kowane wasa. A gasar ƙarshen kaka ta doke Michigan mai riƙe da kofi da 149 da 115. Amma da ta haɗu da UNLV, ƙungiyar da ta fi ta ƙwarewa kuma ba ta tsoron gudu, sai aka ci ta 131 da 101. Saurin da ya taimake ta a kan wasu, shi ya ba wadda ta fi ta damar buɗe rata.

A ɗaya gefen akwai Virginia ta koci Tony Bennett, mai tsananin tsaro da jan ƙafa. A watan Maris na 2018 ta shiga gasar tana ta ɗaya a rukuninta, sai UMBC da ke ta 16 ta fitar da ita da 74 da 54, abin da bai taɓa faruwa ba a gasar maza kafin ranar. Wasa mai ƙarancin hari yana barin ƙofa a buɗe ga ƙaramar ƙungiya, kuma idan aka ba mai jan ƙafa rata, farkewa na yi masa wuya. Duk da haka Bennett bai watsar da tsarinsa ba. A 2019 Virginia ta ɗauki kofin, bayan ta doke Texas Tech da 85 da 77 a ƙarin lokaci.

Tsakanin biyun akwai Arkansas ta Nolan Richardson, wadda ta ci kofin 1994. Ita gudunta a tsaro ta zuba shi: matsi tun daga ƙarshen fili har ƙarshe, minti 40 ba hutawa, don a tilasta wa abokan karawa zubar da ƙwallo. Wannan shi ne gudun da ke taɓa kaso.

'Yan Najeriya ma suna da misali a gida. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa yana yaro kafin ya tafi jami'ar Houston. Har yau shi ke riƙe da tarihin kaɗe ƙwallo a NBA, sau 3,830, sannan ya yi ƙwace sama da 2,000, abin da ba a saba gani ba ga dogon da ke wasa ƙarƙashin kwando. Zafin ƙafarsa ne ya sa tsaronsa ya zama abin tsoro.

Masanin lissafin wasan, Dean Oliver, a littafinsa Basketball on Paper, ya kasa abin da ke kawo nasara gida huɗu: ingancin jifa kashi 40, zubar da ƙwallo kashi 25, cafke ƙwallon da ta dawo kashi 20, jifan kyauta da ake bayarwa bayan keta kashi 15. Saurin wasa ba ya cikin jerin. Duk lambar da koci zai saya, ya tambayi kansa wanne cikin huɗun nan za ta gyara.

Abin da ke ƙaruwa da abin da ba ya ƙaruwa

Tunda yaro zai shekara huɗu, lambar yau ba ita ce ƙarshe ba. A Basketball GM, tsawo kusan ba ya motsi, gudu kaɗan yake ƙaruwa kuma yana raguwa idan shekaru suka ja, amma basirar tsaro tana iya hawa sosai a ƙuruciya. A Hoops Dynasty kuma bincike kan yaro yana nuna wace lamba ce ke da sauran wurin hawa da wadda ta kusa tsayawa, kuma akwai lambar himma da ke shafar saurin ci gabansa.

A koma kan yaran nan biyu. A ce bayan kaka uku na farko ya ƙara 20 a basira da 3 a gudu. Tsaronsa na waje zai tashi daga 65 zuwa 71.5. Na biyu kuma basirarsa ta kusa ƙurewa, ya ƙara 8, gudu 3, zai tashi daga 60 zuwa 63.5. A nan mai gudun ya yi riba. Amma idan bincike ya nuna basirarsa ba za ta wuce 45 ba, ko himmarsa ta yi ƙasa, to an ɗauki doki ne mara linzami. Shi ya sa kuɗin bincike ba asara ba ne. Koci da ya ƙi kashe kaɗan ya san yaro, zai kashe kaka huɗu yana da-na-sani.

Kowane tsari da mutanensa

Tsarin tsaro uku ne aka fi samu a irin wannan gem.

Mutum-da-mutum: kowa da wanda yake bi. Injin yana auna ɗan wasa da abokin karawarsa kai tsaye, don haka mutum ɗaya mai raunin tsaro rami ne, kuma kocin da ya iya karatun lambobi ta nan zai yi ta ɓullowa. A wannan tsari lambar tsaro ce gaba a kowane gurbi.

Tsaron yanki: kowa da wurin da yake karewa. Yana rufa wa mai rauni asiri, bai cika gajiyar da 'yan wasa ba, amma masu jifa daga nesa suna wahalar da shi. Ya dace da ƙungiya mai dogaye da ƙarancin 'yan benci.

Matsi: a tare abokin karawa tun daga inda ya fara. Nan ne gudu ke da daraja mafi girma, amma yana cin juriya kuma yana jawo keta. A wasan jami'a keta 5 ke fitar da ɗan wasa. Mai son matsi yana bukatar 'yan wasa kusan goma da za su iya shiga, ba taurari biyar kawai ba.

Matakai kafin a kashe kasafi

1. A fara tsayar da tsarin da za a yi wasa da shi, sannan a nemi yaran da suka dace da shi.
2. A rubuta waɗanda za su gama makaranta bana da baɗi, a san guraben da za su buɗe.
3. Ga masu wasa nesa da kwando, a sa wa gudu da tsaro iyakar da ba za a sauka ƙasa da ita ba. Ga 'yan ciki, a fifita tsaro da ƙarfi da cafka.
4. Kada a yarda da jimillar lambar ɗan wasa. Jimilla tana haɗa abin da gurbinsa ke bukata da wanda ba ya bukata.
5. A duba wurin hawa da himma kafin a yi tayi.
6. Ƙungiya mai rauni ta rage sauri ta gyara tsaro. Idan ta fi yawancin abokan karawarta ƙarfi, lokacin ƙara sauri ya yi.
7. Kada a canza tsari saboda wasa ɗaya. Ko ƙungiyar da ke da nasara 81 cikin 100, ana cin ta kusan wasa ɗaya a cikin biyar. A tara sakamakon wasa goma ko fiye, a lissafa makin da ake ci da wanda ake bayarwa a kowane hari.

Ga masu gem ɗin ƙwallon ƙafa

Duk wannan yana aiki a Top Eleven da Football Manager da sauransu, har ma sa'a ta fi yawa a can saboda ƙwallayen da ake ci kaɗan ne. A Football Manager lambobi daga 1 zuwa 20 suke, kuma gudu dabam, iya tsayuwa a wuri dabam, iya ƙwace dabam. Mai son 'yan bayansa su matso tsakiyar fili dole ya nemi masu gudu a baya. Mai son komawa gida ya jira, ya fi bukatar masu tsayuwa da ƙarfi a baya, sai mai gudu ɗaya ko biyu a gaba.

Leicester ta 2016 haka ta ɗauki kofin Firimiya: Morgan da Huth a baya, Kanté yana ƙwace a tsakiya, Vardy yana tsere a gaba. Haka ƙwallon farko da Ahmed Musa ya ci Iceland a gasar cin kofin duniya ta 2018, daga harin ramuwa ta fito bayan an karɓe ƙwallo a baya. Sai an ƙwato ƙwallon kafin mai gudu ya samu abin gudu da shi.

Saboda haka, idan muhawarar ta sake tashi a shagon caji, amsar da lissafi ya bayar ita ce: a fara da tsaro, domin shi ke rage abin da kowane harin abokin karawa ke haifarwa, a sayi gudu a guraben da yake ƙara wa tsaron ƙarfi ko yake kawo ci mai sauƙi. Wanda bai gamsu ba, ga waya a hannunsa, ya rubuta layukan nan goma sha biyar, ya canza lambobin yadda yake so, ya ga abin da za su ba shi.